Na yi ta'aziyya a gurup, na tura momo, me yasa gida suke fushi dani? Amsa ga ɗan'uwanmu na Nima

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, Allah ya jiƙan kawu ya sa ya huta, ya baku haƙurin rashi.

Ga yadda na fahimci tambayarka. Kana zaune a unguwar Nima a Accra kana gyaran waya a Circle, kawunku ƙanin Mma mahaifiyarku ya rasu a Aboabo a nan Kumasi, aiki ya riƙe ka baka samu zuwa ba, sai ka rubuta ta'aziyya a gurup ɗin gida na WhatsApp ka tura momo, wato kuɗi ta waya, sidi 500. Yayarka ta rubuto "mun gani, an gode", kai kuma kaji kamar gatse ne, ka mayar mata da dogon rubutu, magana tayi tsami har ta fita daga gurup, yanzu Mma tana buɗe bois ɗinka, wato saƙon murya, ta saurara bata amsawa. Kace kai baka ga bambanci ba, ai kalmomin da zaka faɗa a Kumasi sune dai ka rubuta, kuma a zamanin bidiyo kol meye na zaman awa biyar ko shida a mota.

Aikina kenan a nan Kumasi, sulhunta iyali da zama da ma'aurata, kuma wallahi yanzu da wuya a kawo mana rigima ba a ciro waya an ce "malam duba abinda ya rubuto min" ba. Dan haka amsata kai tsaye: ba ɗaya bane, ka shiga mota. Amma bana so ka tafi dan kawai an matsa maka, ina so ka gane dalilin, saboda abin nan zai sake taso maka a awurenka da sana'arka.

Mu fara da "mun gani, an gode" ɗin nan. Ka faɗe shi da bakinka yanzu, sau ɗaya da muryar mai gajiya wadda ta kwana uku tana kan tukunya tana karɓar masu gaisuwa, sau ɗaya da muryar mai jin haushi. Kaga magana biyu ce daban, amma a rubuce harafi ɗaya bai canza ba. Toh wacce murya ka saka mata lokacin da kake karantawa? Taka ce. Kana karantawa ranka na suya dan kasan baka je ba, sai zuciyarka ta ara mata muryar zargi. Wataƙila gatsen take yi, wataƙila kuma da hannu ɗaya ta rubuta ɗayan na riƙe da ludayi, kai dai baka da hanyar sani daga kalma huɗu.

An gwada wannan. A 2005 masu nazarin halayyar ɗan adam a Amurka, Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu, sun sa mutane su aika jimloli, wasu da gaske wasu gatse, wani rukuni ta imel wani kuma da murya. Masu aikawa sun ɗauka za a gane nufinsu kusan sau 80 cikin 100. Waɗanda suka ji murya sun gane sama da 70 cikin 100, amma masu karanta rubutu 56 kawai, wato kaɗan suka fi wanda ya rufe ido yayi canke. Abinda yafi damuna a ciki shine masu rubutun basu san ba a gane su ba, domin mai rubutu yana jin muryarsa a cikin kansa yana bugawa, sai ya manta muryar bata bi saƙon ba. Dogon rubutun da ka mayar wa yaya, na tabbata a kanka da ladabi ya fito. A kunnenta ƙani ne yake mata tsawa a gaban dangi cikin makoki.

(Nasan akwai masu yawo da lissafin nan wai kalmomi kashi 7 ne kawai na magana, murya 38, fuska 55. Ka bar shi. Daga gwajin Albert Mehrabian na 1967 ya fito, gwaji ne akan kalma ɗaiɗai da yadda ake gane so ko ƙi, shi kansa ya sha cewa ba a kan kowace magana yake nufi ba. Kalmomi suna da nauyi sosai, kawai dai basa tafiya su kaɗai.)

Amma babban abinda zama ido da ido yake dashi, wanda mutane basu cika lura ba, shine gyara nan take. In kana gaban yaya ka fara cewa "ai ni ma ina da uzuri", kafin ka kai ƙarshen jimla ka ga girarta ta motsa ko ta kau da kai, nan take zaka sauke murya ka juya maganar, "ba haka nake nufi ba yaya, kiyi haƙuri". Kuskuren ya mutu tun bai yi sakan biyu ba. Mu 'yan adam da wannan saurin aka gina hirarmu. A 2009 Tanya Stivers da wasu masana sun auna hira a harsuna 10, daga Japananci har wani harshe na Namibiya, suka tarar tsakanin tambaya da amsa, in an haɗa duka, kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ne kawai. Kaga kenan tun mutum bai rufe baki ba ka gama karantar inda ya dosa, da "uhm" da "toh" da "haka ne" da gyaɗa kai duk kuna tuƙa maganar tare ne ku biyu. Labarin zuciya a tambayi fuska, tsofaffi sun riga masu bincike.

A rubutu babu wannan. Kai kaɗai kake tuƙi, ka zuba layi ashirin babu fuskar da zata tsayar da kai a layi na biyu, ka danna tura, shikenan ya fita. Ita kuma ta karanta sau biyar, kowane karatu yana ƙara mata zafi, ta nuna wa goggo, goggo tayi skirinshot ta tura wa wanda ke Jamus. Maganar baki in anyi sulhu tana dusashewa, kowa ya manta ainihin kalmar da aka faɗa, rahama ce wannan. Rubutu baya dusashewa. Na sha zama da mata da miji sun riga sun shirya, wata da watanni, sai ɗaya ya koma sama yana neman wani hoto ya ci karo da tsohon saƙon, a dawo ɗanye.

Sai kuma shiru. A zaune, shiru yana da fuska, kana iya gane na baƙin ciki da na fushi da na gajiya. A waya duk shiru iri ɗaya ne. Tun da WhatsApp ya kawo shuɗin layin nan biyu a 2014 muka samu sabon ciwo, ka ga an karanta ba a amsa ba, sai kai ka cika gurbin da mafi munin zato. Kai yanzu kana cewa Mma na fushi da kai. Zata iya yiwuwa. Amma ka tuna macen nan ƙaninta ta binne, wanda wataƙila ita ta goya shi, ƙila tana jin muryarka ne kuka ya hana ta danna wajen magana.

Ga kuma kunya. Abinda ka rubuta wa yaya, tsakaninka da Allah zaka iya faɗa mata shi tana zaune a tabarma kana tsugune? Ba zaka iya ba, kuma ba tsoro bane, ido ne yake riƙe harshe. Wani masani John Suler yayi rubutu akan wannan tun 2004, yadda mutum ke sakin baki a intanet ya faɗi abinda ba zai taɓa faɗa a fili ba, saboda ba a ganinsa, kuma baya ganin yadda maganar ta sauka a jikin wanda ya faɗa wa. Mu a zongo da muke da tsarin girma, ƙani baya katse yaya, yaro baya ɗaga murya gaban kawu, gurup ya zo ya jera kowa a layi ɗaya, saƙon ɗan shekara 17 da na dattijo mai shekara 70 girmansu ɗaya a fuskar waya. Rabin rigimar gurup ɗin iyali da ake kawo min daga nan take.

Yanzu maganar ta'aziyya ita kanta, wadda ita ce zuciyar tambayarka. Kace kalmomin ɗaya ne. Gaskiya ne, "Allah ya jiƙansa, ya haƙuri" ne a Aboabo, shine a gurup. Amma ta'aziyya ba labari ake kaiwa ba, Mma ta riga ta san ka ji mutuwar kuma ta san kana masa addu'a. Abinda mai makoki yake karantawa shine abinda zuwan ya ci maka. Ka rufe shago, ka bar kwastoma, ka biya kuɗin mota, ka sha hanyar Nkawkaw, ka shigo da ƙura a ƙafa ka zauna. Wannan wahalar ita ce saƙon. Rubutu a gurup sakan goma ne kuma kowa yasan sakan goma ne, wani ma kwafo na wani yake yi ya manna. Shi yasa aka ce zumunci a ƙafa yake. Kuma ka duba haƙƙoƙin musulmi akan ɗan'uwansa da hadisi ya lissafa, duba mara lafiya, bin jana'iza, amsa gayyata, mafi yawansu sai ka tashi ka taka. Momo ɗinka ya yi amfani, kar wani ya raina maka shi, shinkafa da ruwa da hayar kujeru ba da addu'a ake biyansu ba. Sai dai kuɗi yana sauke nauyin hidima ne, baya zama kusa da uwa. Kuma masu zuwa gaisuwa suna tambaya, "ina ɗanki na Accra?" Ita ce take amsa wannan tambayar, ba kai ba, kuma kowace amsa tana mata ciwo.

Ka tuna abinda ya faru a Old Tafo a nan Kumasi a 2016, rigimar filin maƙabarta tsakanin matasan musulmi da masarautar Tafo, har aka rasa rai aka sa dokar hana fita. Babban limamin ƙasa Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, a lokacin ya haura shekara 90, yana da masu magana da yawunsa, yana iya sa a fitar da sanarwa a rediyo ko ya ɗaga waya daga gidansa na Fadama a Accra. Amma tasowa yayi ya zo Kumasi da kansa, aka zauna da sarakuna, wutar ta lafa. Dattijo irin wannan ya sha hanya ya zo ƙofarka, kafin ya buɗe baki ma an riga an faɗi rabin maganar.

Ko a abu mara nauyi haka ne. A wani gwaji da aka buga a 2017, Mahdi Roghanizad da Vanessa Bohns sun sa mutum 45 kowanne ya roƙi baƙi 10 su cike wata takardar tambayoyi, wasu ta imel wasu fuska da fuska, kalmomin roƙon iri ɗaya. Na fuska da fuska ya fi samun karɓuwa ninki 34. Baƙi ne fa ba dangi ba, dan haka kar ka ɗauki lissafin ka ɗora akan gidanku, amma ka riƙe shi dan sana'arka, ranar da zaka nemi bashin kaya wajen dila ko ka nemi mai shago ya ɗaga maka ƙafa akan haya, kar ka rubuta, ka je.

Toh kar kace malam yana zagin waya. Haba. Ni na ga abinda ta yi mana. Yaran zongo nawa ne ke Italiya da Jamus da Amurka da ƙasashen Larabawa, wasu babu takardun da zasu dawo ko da uwa ce ta rasu? Da can kaset ake ɗauka a ba matafiyi, ko wasiƙa a nemo ɗan makaranta ya karanta wa tsohuwa sirrin ɗanta a gaban mutane. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, iyayenmu mata da basu yi boko ba suka samu bakinsu, Hajiya ta danna ta yi Hausarta ko Dagbani ko Twi ba mai tsaya mata a tsakani. A 2022 kamfanin ya ce ana aika saƙon murya biliyan 7 kullum. Ga wanda teku ta raba da gida, bidiyo kol ɗin nan ba ƙaramar ni'ima bace, kuma duk wanda ya zarge shi da yanke zumunci bai yi adalci ba. Akwai ma mutanen da sai a rubuce suke iya fara faɗin abinda ke cinsu, yarinyar da ba zata iya kallon idon uwarta ta ce ana cutar da ita a gidan miji ba, amma ta iya rubutawa. Ina amfani da wannan a aikina sosai, sai dai rubutun ƙofa yake buɗewa, daga baya dole a zauna.

Kuma dukkanmu mun ɗanɗana rayuwar waya zalla. A watan Maris na 2020 saboda cutar korona aka hana taro aka rufe masallatai, jana'iza ba a wuce mutum 25, daga 30 ga watan aka kulle Accra da Kumasi sati uku, azumin shekarar ya zo babu tarawihi a jam'i, sai farkon Yuni aka buɗe masallatai da sharaɗin mutum 100. Waya ce ta riƙe mu a lokacin, tafsiri a Facebook, gaisuwar mutuwa ta kira. Amma ka tuna yadda mutane suka yi da aka buɗe? Ba wanda yace toh tunda mun saba mu ci gaba a haka. Har yau ina haɗuwa da waɗanda suka rasa iyaye a watannin nan, suna cewa mutuwar bata gama zama musu a rai ba saboda ba a taru ba. Ni yadda nake ganinta, waya mafici ce, tana hura garwashin da aka riga aka kunna kar ya mutu, amma in wutar ta mutu sai an zo da ashana.

Kai kuma ba teku ce tsakaninka da gida ba, kilomita wajen 250 ne. Uzurin na Italiya ba naka bane, kuma gida sun san haka.

Wani abu da zai maka amfani: ba duk abinda ke cikin waya ne ɗaya ba. Rubutu shine mafi talauci, yana da kyau wajen adireshi, lissafi, lokacin suna, abinda ake so a ajiye shaida. Bois ya fi shi dan akwai murya, amma har yanzu kai kaɗai kake zuba, ba mai katse ka, shi yasa bois na minti tara cikin fushi yafi rubutu ɓarna wani lokaci. Kira shine ya dawo da gyaran nan take da na faɗa maka. Amit Kumar da Epley ɗin nan sun gwada a wajajen 2020, suka sa mutane su nemi tsohon abokin da suka daɗe basu ji juna ba. Yawanci sun fi son imel wai kira zai yi nauyin baki, amma waɗanda suka kira sun fi jin kusanci, kuma nauyin bakin da suke tsoro bai fi na masu rubutu ba. Sun kuma ga cewa ƙara hoto akan murya bai ƙara wani kusanci sosai ba. Wato muryar ce mai aikin. Ni ma a maganar mai nauyi nafi son kira zalla akan bidiyo in netwok na rawa, domin jinkiri kaɗan yana ɓata zato, masu bincike a Jamus sun nuna a 2014 cewa jinkirin sakan 1.2 a layi ya isa a ɗauki mutum kamar baya mai da hankali ko baya sakin fuska, alhali laifin layi ne. Ga shi a bidiyo kana kallon fuskarka kana gyara hula, kuma ba a haɗa ido da gaske, in ka kalli idonta a gilashi ita gani take kana kallon ƙasa.

Dan haka ga abinda nake baka shawara. Daga yau kar ka ƙara rubuta komai a gurup akan maganar nan, ko bayani ko kare kai, kuma ka daina jera wa Mma bois, kowanne da ta buɗe bata amsa ba nauyi ne kake ƙara mata. Ka kira ta kira na gaske, bayan isha'i lokacin da gida ya lafa. In bata ɗauka ba kar ka yi zuciya, ka nemi wani babba da take jin maganarsa, baffa ko goggo, ka ce masa kana tafe ranar kaza. In gidanku ana addu'ar arba'in ka yi ƙoƙari ka riga ranar zuwa, dan ranar taro ba a samun zama, zaka ɓace cikin jama'a ne kawai a ce ai ya zo. Motar dare tana nan a Circle kusa da kai, ka tashi daren Asabar ka kwana ɗaya ka dawo, shago ba zai rushe ba.

In ka isa, ka fara da Mma, ka gaishe ta yadda aka koya maka, ka yi mata ta'aziyya kamar yau aka yi mutuwar. Kar ka kawo maganar sidi 500, kar ka ce ai na rubuta a gurup. Wayar ta zauna a aljihu, ba a hannu ba, ba a kife akan tabarma ba, dan ko kife take tsohuwa ta san rabin hankalinka na wajenta. In ta yi faɗa ka bari ta gama. In tayi shiru ka zauna cikin shirun, ba sai ka cika shi da magana ba. Ka je gidan kawu ka gaida matarsa da 'ya'yansa, in da hali a raka ka maƙabarta.

Yaya kuma ka same ta ita kaɗai ba gaban yara ba, kuma dan Allah kar ɗayanku ya ciro waya ace zo mu duba wa ya fara. Duk sulhun da aka fara karanta tsofaffin saƙonni a cikinsa, a gabana, sai ya koma shari'a. Kai ne ƙarami, ka ce yaya na yi kuskure a yadda na miki magana, ke kika tsaya akan hidimar nan ni bana nan. Sai ka saurara, zaka ji abubuwan da suka faru a kwanakin nan waɗanda ba wanda ya rubuta a gurup. Maganar ta dawo gurup ka bar ta, ita zata ce a mayar da ita in ta huce.

In ka koma Nima ka tsayar da lokaci ɗaya da Mma ta sani, misali kowace Juma'a bayan an sauko masallaci, ka kira ta da baki ko na minti biyar ne, sauran kwanaki bois ya isa. Sallah da rasuwar na kusa da rashin lafiya mai kwantarwa kuwa, ka sa kuɗin motarsu cikin lissafin shago tun yanzu, ka riƙa ware wani abu a gefe duk wata dan kar ranar ta zo ace babu na mota.